Molon Bature a Gonar Baba Ladan

Duk wanda ya je cin rani Riruwai daga ƙauyenmu na gefen Ƙofa, an san abin da yake dawowa da shi: turmin yadin alawayyo, fitilar ƙwai, wani kuma tari. Mamman ne kaɗai ya dawo da molon Bature. Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano ce, ana gab da shuka, ya shigo gari rungume da abin a cikin tsumma kamar mai jego.

Aikinsa a can bai wuce ɗebo ruwa da faskare a gidan wani Baturen kuza ba. Amma aikin ya yi ta girma a hanya. A Tudun Wada ya zama kuku, a Bebeji ya zama babban yaron gida, kafin ya iso gindin tsamiyar garinmu kuwa ya zama mutumin da Bature ba ya ko canza riga sai ya nemi shawararsa.

Nan gindin tsamiyar ya kwance tsumman. Wani ɗan akwati ne na katako mai sheƙi, da ƙugu kamar gora, da rami a ciki, tsirkiya huɗu, da kunnuwa huɗu da ake murɗawa. Duk tsawonsa da ƙyar ya haura kamu guda.

Mamman ya ce, "Sunansa ukulele. Ku daidaita baki kafin ku faɗa."

Babu wanda ya wahalar da bakinsa. Tun daga ranar aka sa masa molon Bature.

Labaran, mai gangar noma, wanda duk gayyar da aka yi a yankin shi yake kaɗa ta, ya karɓa ya jujjuya. Ya ce, "Ina fatar?"

"Ba shi da fata. Turawa sun wuce nan."

"To wannan ai ɗa ne. Ina ka baro uwar?"

Aka yi dariya. Mamman ya gyara zama, don dama tambayar yake jira. Ya ce guda uku ne a rataye a bangon Bature, babba da matsakaici da wannan. Da Bature zai tafi gida ya ce masa ya zaɓi ɗaya. Kukun gidan ya yi ta zungurinsa wai ya ɗauki babban, shi kuwa ya dube shi ya ji tausayin jahilci.

Ya ce, "Labaran, kai makaɗi ne, faɗi tsakaninka da Allah. Idan kuna kiɗa, wanne ake fara jiyowa daga bayan gari, babbar ganga ko ɗan kanzagi?"

Labaran ya ce, "Kanzagi."

"To kun ji. Ƙarami shi ne mai murya. Babban ai don ado aka yi shi."

Abin da Mamman bai faɗa ba shi ne, Baturen nan da yamma yake zama a baranda ya kaɗa wa matarsa, ita kuwa tana kujerar da ke gefensa, gwiwa na taɓa gwiwa. Shi Mamman ta taga yake hange, yana ɗauke da tulu. Iyakar karatun da ya yi ke nan.

A cikin duk surutun Mamman, magana ɗaya ce tak babu ƙari a cikinta: yana son Zuwaira. Bazawara ce, 'yar Baba Ladan, tana tuyar ƙosai a ƙofar gidansu. Son nan na gaske ne, don ita kaɗai ce idan ta dube shi yake manta ƙarshen labarin da ya ɗauko. Ita ma ba ta ƙi shi ba. Ta ce gidan da yake ciki ba za a yi kewa ba.

A garinmu mai neman aure sai ya kai gayya gonar suruki. Baba Ladan yana da babbar gonar dawa a bakin fadama, ga shi ciwon baya ya kwantar da shi bayan noman farko, ciyawa ta samu sake har tana neman shaƙe dawar. Ya aika wa dangin Mamman cewa idan aka yi masa maimai aka gama kafin la'asar ranar gayya, za a sa ranar aure bayan kaka. Idan ba a gama ba, a ajiye maganar sai wata shekara.

Da wani saurayin ne, dangi zai bari su kai amsa, don kunyar suruki. Mamman da ƙafarsa ya je, ya durƙusa a zaure.

"Baba, la'asar ta yi nisa. A ce azahar."

Baba Ladan ya ce, "La'asar ɗin dai. Abu ɗaya zan gaya maka. Akwai layin gamba a gabas, shi ne iyakata da Uba. Kada fartanya ko ɗaya ta tsallaka. Ciyawar mutumin nan ko tsinke ba na so a cire masa."

Kowa ya san wannan. Baba Ladan da Malam Uba sun yi shekara da shekaru ba sa ga-maciji saboda iyakar nan, har idan sun haɗu a masallaci kowa gefensa yake yin sallama da sauri.

Mamman ya ce, "Baba, ka kwanta ka huta. Kiɗan da zan yi musu, ko a Kano ba a taɓa jin irinsa a gona ba."

"Kai za ka yi kiɗan? Labaran fa?"

"Labaran ya yi zamaninsa."

Da maganar ta kai kunnen Labaran, bai yi fushi ba. Ya zo har gida ya ce, "Mamman, gona ba zaure ba ce. Ka bari in zo da ganga, kai ka tsaya a gefena da ɗan abinka, a ce tare muka yi."

"Ganga za ta ɓata masa murya. Amma ka zo kallo, ba a hana mutum koyo."

Labaran ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Ni dai ba na rasa gonar da zan kaɗa."

Ana sauran 'yan kwanaki, da safe, Mamman ya je wurin tuyar Zuwaira da molonsa. Ta sa ya tsuguna ya kaɗa mata. Ya zuba babban yatsa a kan tsirkiyoyin daga sama zuwa ƙasa, ya rera wata waƙa da ya ce ta Turanci ce. Gaskiya a kusa abin da ɗan daɗi, kamar ruwa na ɗiga a ƙwarya.

Zuwaira ta ce, "Ba laifi. To je ka gindin rumbun can ka kaɗa in ji."

Ya tafi ya tsaya. Ta juya ƙosai, ta tsame, ta sallami masu saye biyu, sannan ta ɗaga kai.

"Ka fara mana."

"Ai na gama."

Matan da ke jiran ƙosai suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Zuwaira ta ce, "Mamman, gonar Baba ta ninka nan da rumbu ban san iyaka ba."

"Damina ce. Sanyi ya kama shi. Ko gangar Labaran ai sai an gasa ta take magana."

Wannan kuwa haka ne. Duk makaɗin garinmu idan fata ta saki saboda raɓa, wuta yake nuna mata ta ɗaure. Mamman ya ture wata mata, ya tsuguna gaban murhu, ya kanga cikin molon a bakin wuta yana jujjuyawa kamar mai gasa masara.

Zuwaira ta ce, "Kai da ka ce ba shi da fata, me kake gasawa?"

"Aikin maza ne, ki ji da ƙosanki."

Ana haka sai wani wari ya tashi. Tsirkiya ɗaya ta nannaɗe ta tsinke. Danƙon da ya riƙe ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, wanda masu garaya ke kira jaki, ya narke. Jakin ya yi tsalle ya faɗa cikin kaskon mai. Zuwaira ta sa matsami ta tsamo shi tare da ƙosai uku, ta miƙa masa.

"Ga shi ya soyu. In sa maka yaji?"

Mamman bai karaya ba. Ya ce dama Turawa ba su iya haɗa abu da ƙarfi ba. Ya wuce maƙera, aka kafe jakin da ƙusa, katakon ya tsage tun daga rami har ƙugu. Ya toshe tsagar da ƙaro. A madadin tsirkiyar da ta ƙone ya murɗa izgar doki. Da ya ga har yanzu muryar ba ta kai rumbu ba, sai ya sa maƙeri ya ɗaura masa 'yan ƙarafa masu kacau-kacau a wuyan molon, irin na garayar maharba. Yanzu kam ana jin sa daga nesa, sai dai ba kiɗan ake ji ba. Ranar da ya bi ta unguwa yana gwadawa, mata suka yi ta leƙowa suna tambaya ko mai koli ne ya zo da allura.

Ranar gayya ta zo. Mamman ya sayar da akuyarsa da fitilar da ya zo da ita, aka dama fura ƙwarya-ƙwarya, aka sayi goro. Samari suka cika gona da hantsi, Surajo barden noma a gabansu, mutumin da idan ya sunkuya ba ya ɗagowa sai kunya ta ƙare. Aka ɗauko Baba Ladan a kan jaki aka shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawa, wai ya ga aiki da idonsa. Zuwaira da matan gida suna gefe da ƙoren fura.

Surajo ya ce, "Ango, mu sha kafin ko bayan?"

Mamman ya ce, "Ku sha yanzu. Idan na fara, ba wanda zai iya tsayawa."

Suka sha, suka suɗe ludayi, suka raba goro. Aka jera a bakin kunyoyi, fartanyu a sama, ana jiran kiɗa. Mamman ya tsaya a baya, ya gyara hula, ya zuba yatsa.

Iska tana kaɗa ganyen dawa. Can cikin fadama kwaɗi suna nasu. Fartanyu suna nan a sama.

Wani daga ƙarshen layi ya ce, "An fara ne?"

Na kusa ya ce, "Ku yi shiru mana, kamar ina jin wani abu."

Aka yi shiru. Aka sauke fartanyu a hankali don kada ƙararsu ta danne kiɗan. Na nesa suka matso su ji, na bayansu suka biyo, kafin ka ce me an kewaye Mamman, ana miƙa wuya. Dawar da ke wurin aka tattake ta ƙasa.

Daga gindin ɗorawa Baba Ladan ya ce, "Zuwaira, me suke yi a can? Wani ne ya faɗi?"

"A'a Baba, kiɗa suke saurare."

"Da ƙafa a kan dawata?"

Mamman ya kore su suka koma layi. Ya ce matsalar ƙasa-ƙasa yake, sauti kuwa daga sama yake sauka. Ya hau wani suri da ke tsakiyar gona, ya buɗe ƙafa, ya kaɗa da ƙarfinsa duka. Izgar doki ta tsinke ta tsula masa a kunci. Surin kuma ruwa ya jiƙa shi, ƙafarsa ta burma har gwiwa, masu gidan suka fito karɓar baƙo. Ya diro yana kakkaɓe wando, ƙarafan molo suna ta kacau-kacau.

Surajo ya ce, "Yauwa, wannan rawar ta fi kiɗan fitowa. Ka ci gaba da ita, ma yi noma da ido."

Rana ta ɗaga. An ɗan taɓa aiki, amma irin na marasa lafiya, wannan ya sara, wancan ya tsaya gyaran ƙota, wani ya tafi neman ruwa. Gayya ba ganga, ga ciki cike da fura, sai hamma. Mamman ya duba gindin ɗorawa ya ga Zuwaira ta zuba tagumi. A karo na farko tun dawowarsa, tsoro ya kama shi sosai.

Ya ce, "Na gane. A gabanku ya kamata in tsaya, sauti ya doki ƙirjinku."

Ya sha gaban layi, ya fuskance su, ya juya wa gabas baya. Ya runtse ido yadda ya ga Bature yana yi, ya ɗaga kai sama, ya zuba yatsa a kan tsirkiya ukun da suka rage.

Daidai lokacin ne ganga ta tashi daga gabas. Malam Uba, da ya ji an sallami Labaran, ya ɗauke shi ya kaɗa wa 'ya'yansa a tasa gonar, kuma ba ranar da ta yi masa sai wannan. Labaran ya ɗumama fata da kyau. Da ya hango Surajo tsaye yana hamma, sai ya saki takensa, ya bi da kirari: "Surajo na Furera, ƙasa ta gan ka ta yi laushi. Wa ya ce barde ya tsufa?"

Wanda bai taɓa noma da ganga ba ba zai gane ba. Idan aka kaɗa taken manomi, ba da shawararsa jikinsa yake tashi ba. Kafaɗun Surajo suka motsa. Ya tofa yawu a tafi, ya sunkuya, ƙasa ta fara tashi. Labaran ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa da takensa, don tun suna yara ya san su. Layi ya miƙe, fartanyu suka riƙa sauka tare.

Mamman ya ji ƙasa tana girgiza a gabansa. Ya buɗe ido ɗaya ya ga ƙura, ya ga maza sun haukace da aiki. Ƙarafan da ke wuyan molonsa sun cika masa kunne, ga murna, gangar nan ko jin ta bai yi ba. Ya mayar da ido ya rufe.

"Baba, ka gani? Zuwaira, kin gani? Dama ɗumi yake jira!"

Suna matsowa yana ja da baya, suna matsowa yana ja da baya, yana kaɗawa yana waƙar Turancinsa. Kunyoyin Baba Ladan kuwa gabas suka miƙa. Da aka zo ƙarshensu, inda ya kamata a juyo a kama na gaba, Mamman bai tsaya ba. Ya ji ciyawa mai tsawo ta shafi ƙafarsa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake ta da baya. Surajo ya ga mai gayya da kansa ya tsallake gamba, ga ganga tana kira a gaba, sai ya bi. Duk layin ya bi.

Baba Ladan, mutumin da aka ɗauko a kan jaki, ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba.

"Ina zai kai min su? Kai Mamman! Zuwaira, ina yake kai su?"

"Gonar Malam Uba, Baba."

"Na gani ai. Tambaya nake ko idona ne."

Matan gida suka yi ta kira, amma wa zai ji kira a cikin ganga? Sai da Mamman ya yi karo da wani abu mai tauri ta baya, ya buɗe ido ya waiwaya, ya ga gangar Labaran ce, da Labaran a rataye da ita yana gumi.

Labaran ya ce, "Sannu da zuwa. Ka zo koyo ne?"

Mamman ya duba hagu ya duba dama, bai ga ɗorawa ba. Ya ruga ya tare Surajo, ya riƙe masa riga, ya roƙe shi da Allah da Annabi su koma.

Surajo bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ana kaɗa takena in juya baya? Gobe da wane ido zan shiga kasuwa? Matsa kada in sare ka."

Kafin la'asar an gama gona tas, sai dai ta Malam Uba ce. A gonar Baba Ladan abin da aka nome wani zirin fili ne daga suri zuwa gamba, kamar an share wa ango hanyar fita.

Mutanen gari sun taru, don labari ya riga ya kai tsamiya. Malam Uba ya tako har bakin iyaka, ya tsaya a nasa gefen, ya yi gyaran murya. Rabon da ya yi wa maƙwabcinsa magana tun kafin a yaye Zuwaira.

"Ladan, na zo godiya. Ban san kana ƙaunata haka ba. Har da fura."

Baba Ladan bai dube shi ba. Ya dubi Mamman, wanda ke durƙushe da molo a cinya, kunci a kumbure.

"Mamman, al'ada ba ta canza ba. Wanda ka kai wa gayya shi ne surukinka. Ga shi nan tsaye, tashi ka karɓi matarka."

Malam Uba ya ce, "Wallahi da ina da ita da na ba shi, yaron kirki ne. Sai dai nawa duk maza ne."

Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Aka ɗora Baba Ladan a jaki, jama'a suka bi shi suna maimaita labarin tun kafin ya huce. Gona ta rage daga Mamman sai Zuwaira tana harhaɗa ƙore. Ya matso jiki a sanyaye. Ba akuya, ba fitila, ba aure bayan kaka, kuma na ƙarshen ne ya fi yi masa ciwo.

Can ya ce, "Amma dai kin ga yadda suka yi noma a gabana."

Zuwaira ta ɗora ƙoren a ka, ta gyara gammo. Ta dube shi, tana so ta yi fushi, fushin ya ƙi zama.

"Na gani. Baɗi sai ka fara daga gonar Malam Uba, ka juya wa tamu baya."